Yadda Ake Haɗa Salak ɗin Dankalin Turawa Irin na Kudancin Jamus

A Jamus, salak ɗin dankali gida biyu ne, kuma kowane gida gani yake nasa ne na gaske. Mutanen arewacin ƙasar kan kwaɓa nasu da mayonis, su sa a firij ya yi sanyi. Mutanen kudu kuwa, wato yankin Swabiya da ke kewaye da birnin Stuttgart, da jihar Bavariya, har da maƙwabtansu na Ostiriya, ba ruwansu da mayonis. Romon nama mai zafi suke kwarara wa dankalin, da ruwan khal da albasa da ɗan mai, su ci shi da ɗumi-ɗuminsa. Na kudun za mu bi daki-daki, domin shi ne baƙo a wajenmu, kuma shi ne ya fi neman hannu. Na arewa duk wadda ta taɓa haɗa salak ɗin biki za ta iya shi, zan taɓo shi a can gaba.

Kayan haɗin ba su taka kara sun karya ba, uwargida, kusan duk suna cikin kicin ɗinki. Abin da ke raba mai daɗi da marar daɗi lokaci ne. Dafaffen dankali yana shan abin da aka ba shi a ɗan tsakanin da yake da ɗumi. Da zarar ya huce sarai, sitacin cikinsa ya ɗaure, sai romon ya tsaya a waje, ki samu salak mai tsami a baya, lami a ciki. Duk tsarin da za ki gani a ƙasa an shirya shi ne domin kada wannan ɗan lokacin ya kuɓuce miki.

Wane dankali?

Dankali ba ɗan asalin Jamus ba ne. Daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, kuma manoman Jamus sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, har sai da Sarki Frederick na Biyu na Prusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ya riƙa fitar da umarni a noma shi, mafi shahara shi ne na 1756. Har yau masu ziyara kan ajiye dankali a kan kabarinsa a fadar Sanssouci da ke Potsdam. Daga ƙi aka koma so, har ta kai ba a sayar da dankali a kanti a Jamus ba tare da an faɗi halinsa a tukunya ba.

Kashi uku suka raba shi. Akwai wanda ke riƙe jikinsa bayan an dafa, a jikin buhunsa za ki ga an rubuta festkochend, yawanci da alama kore. Akwai na tsakiya mai alama ja. Akwai kuma mai gari, wanda ke dagargajewa, mai alama shuɗi. Na farkon shi ne na salak. Sanannun irinsa sun haɗa da Sieglinde, Linda, Annabelle da Nicola. In kina zaune a Jamus aiki ya ƙare, ki ɗauki mai kore.

A kasuwanninmu ba wanda zai rubuta miki komai a jikin buhu, amma akwai sa'a. Nicola, wanda a Jamus aka samar da irinsa, yana cikin dankalin da aka daɗe ana nomawa a Filato, wajajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Dogo-dogo ne, ɓawonsa sumul, cikinsa rawaya. Ki tambayi mai dankali, wasu sun san sunayen irin da suke sayarwa. In bai sani ba, ki gwada da kanki.

Gwajin da ya fi sauƙi, ki dafa ƙwaya ɗaya da ɓawonta. In ta dahu ɓawon bai tsage ba, kin yanka ta fita sumul da ɗan sheƙi da danshi a fuskarta, kin dace. In ɓawon ya fashe, cikin ya yi fari yana marmashewa a bakin wuƙa, wannan na fate ne ko na suya, kada ki wahalar da kanki. Akwai kuma gwajin ruwan gishiri: ki narka gishiri gram 120 a ruwa lita 1, ki jefa ɗanyen dankali. Mai yawan sitaci ya fi nauyi, nutsewa zai yi. Wanda ya taso sama shi kike nema.

Ki zaɓi matsakaita masu girma ɗaya, waɗanda 10 zuwa 12 za su cika kilo. Dalilin girma ɗayan shi ne su dahu tare, ba wani ya yi lugub wani yana da gafi a tsakiya ba. Duk wanda ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa ki ware shi. Koren nan alama ce ta wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin, yana ɓata ciki, kuma dahuwa ba ta kashe shi. In ɗan tabo ne ƙarami, sai a yanke shi da zurfi tun kafin a ɗora.

Abin da za ki tanada

Wannan awon zai ishi mutum 4 zuwa 6 in akwai nama ko kifi a gefe.

- Dankalin turawa, kilo 1
- Romon naman sa ko na kaza, mililita 300, wato kofi ɗaya da ɗan ƙari
- Albasa matsakaiciya 1
- Ruwan khal, babban cokali 4 zuwa 5
- Mastad (wani kwaɓi mai launin rawaya da ɗan yaji, na ƙara wa abinci ɗanɗano), cokalin shayi 2
- Mai marar ƙamshi, babban cokali 4 zuwa 5
- Gishiri, cokalin shayi 1 da rabi, ban da na ruwan dahuwa
- Sukari, rabin cokalin shayi
- Masoro, ɗan kaɗan
- Lawashi, ɗan dunƙule a hannu

Romon shi ne ƙashin bayan abin, don haka bari mu tsaya a kansa. Ba romon da muka saba tafasawa da attaruhu da citta da kori ba ne. Romo ne garai-garai: nama mai ƙashi, albasa guda, karas, gishiri, ruwa, a bar shi a ƙaramar wuta wajen awa 2 yana ɗan motsi, ana kwashe kumfar da ta taso. In kin sauke ki tace. Sannan ki kwashe kitsen da ya taru a sama, ki kwashe shi tas. Kitsen sa daskarewa yake in ya huce, kuma tunda ba da zafi ake cin salak ɗin ba, zai manne miki a dasashi ya ɓata komai. In kin yi romon tun jiya kin sa a firij, kitsen zai kwanta a sama ki ɗauke shi da cokali cikin sauƙi.

In ba romo, dunƙule guda a ruwan zafi mililita 300 zai fitar da ke kunya, gidaje da yawa a Jamus ma da garin romo na kwalba suke yi. Sai dai ki rage gishirin zuwa rabi tukuna, domin dunƙule gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Amma gaskiya ɗaya ce, bakin da ya ci na romon ƙashi zai gane bambanci.

Ruwan khal ki duba jikin kwalbar, wanda ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin 100 ne ake nufi da awon nan. Fari ko na tufa, duk sun yi. Na tufa ya fi laushi a baki, shi na fi so. A Jamus da yawa suna amfani da khal ɗin da aka yi daga giyar inabi, wadda ba ta natsu da shi ba ta ɗauki na tufa, ba abin da zai ragu. Gargaɗi ga mazauna can: akwai wata kwalba mai suna Essigessenz, ƙarfinta kashi 25 ne. Ba a zuba ta kai tsaye. Cokali 1 nata sai an haɗa da cokali 4 na ruwa kafin ya zama khal na girki. Lemun tsami zai iya tsayawa a madadin khal in ya zama dole, amma kada a tafasa shi, a matsa shi bayan an sauke romon, kuma ki sani ɗanɗanon zai karkata wani wajen.

Mastad ana samunsa a manyan kantuna, kwalba ko roba. Mai matsakaicin yaji ake so. Aikinsa biyu ne, ƙamshi da kuma taimaka wa mai da romo su haɗe. In babu, a yi hakanan, salak ɗin ba zai mutu ba.

Mai kuma, Jamusawa na man sunflawa ko na kanola suke sawa. Man waken suya ko tataccen man gyaɗa na galan ya yi daidai. Man ƙuli na gida, duk daɗinsa, ƙamshinsa zai danne romon. Man zaitun ma haka, zai mai da shi abincin Italiya.

Albasarmu ja, irin ta Aliero ko ta Galmi, ta fi farar albasar Turai kaifi. Don haka matsakaiciya ɗaya ta isa, kada a ƙara. Kuma in ta haɗu da khal za ta koma ruwan hoda ta ɗan rina dankalin. Ba lalacewa ba ce, launi ne kawai.

Dahuwa

Ki wanke dankalin da soso ki fitar da ƙasa, amma kada ki fere. Da ɓawonsa ake dafa shi, domin ɓawon ke hana ruwa shiga ya cika gurbin da romo zai zauna.

Ki jera shi a tukunya, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa da ɗan yatsa biyu, ki sa gishiri babban cokali 1. Ruwan sanyi, ba tafasasshe ba. In aka jefa dankali a ruwan da ke tafasa, bayansa zai dahu ya fara zubewa tun cikin bai ji wuta ba. Da ya tafaso ki rage wuta, ki rufe rabi, ki bar shi yana tafasa a hankali. Tafasa mai ƙarfi tana gwara dankalin da juna ɓawon ya tsage.

Daga lokacin da ya tafaso, minti 20 zuwa 25 ne ga matsakaita. Wadda ke Jos ta ƙara 'yan mintuna, domin a tudu mai tsayin mita 1,200 ruwa na tafasa kafin ya kai zafin da yake kaiwa a Kano. Amma agogo ba shi ne alƙali ba. Ki soka siririyar wuƙa a mafi girmansu. In ta shige har tsakiya ba turjiya, kin ɗaga dankalin ya zame da kansa a hankali, ya yi. In ya riƙe wuƙar, saura. Kada ki yi ta sokar kowanne, kowane rami ƙofar ruwa ce.

Kafin dankalin ya dahu ki yanka albasarki ƙanana-ƙanana, iya ƙanƙantar da hannunki zai iya, da wuƙa mai kaifi. Kada ki markaɗa kuma kada ki goga, albasar da aka murƙushe ɗaci take fitarwa.

Ɓarewa da yankawa

Ki juye dankalin a kwando ya tsane, ki bar shi a buɗe tururi ya fita na minti 10 zuwa 15. Kada ki sheƙa masa ruwan sanyi. So ake ya kai inda hannu zai iya riƙe shi da ɗan daurewa. A nan ɓawon ke saɓulewa da sauƙi: ki soke dankalin da cokali mai yatsu, ki kama gefen ɓawon da bakin ƙaramar wuƙa ki ja. In da mai taya ki, wannan ne wajen da ya kamata a kira ta, domin sauri na da amfani.

Bayan kin ɓare, ki ba shi wasu minti 5. Dankali mai tsananin zafi karyewa yake a ƙarƙashin wuƙa, mai ɗumi kuwa yana yankuwa. Ki yanka shi fale-fale, kauri milimita 3 ko ƙasa da haka, kai tsaye cikin babban kwano mai faɗi. A Swabiya siranta yanka abin alfahari ne, kuma da dalili: siririn yanka yana shan romo har tsakiyarsa, gefunansa kuma suna ɗan narkewa su ba miyar kauri. Yanka mai kusurwa huɗu na salak ɗin mayonis ne, a nan ba ya aiki. In wuƙar ta fara danƙo, ki tsoma ta a ruwan ɗumi ki ci gaba. Wasu yankan za su karye, ba komai, za su yi amfani.

Akwai saɓani a nan ko a tsakanin Jamusawan. Wasu tsofaffi kan dafa dankalin tun jiya, su ce kwanannen dankali ya fi yankuwa sumul. Gaskiyarsu, ya fi kyan gani. Sai dai ba ya shan romo kamar sabo, dole romon ya zama yana tafasa lokacin zubawa, a kuma ninka lokacin jiƙo. Ni dai ina bayan mai ɗumi. Ido zai ɗan yi rashi, baki zai ci riba.

Kwanon kuma ya zama na tangaran, gilas ko silba mai kyau. Khal na cin alminiyam, ya ba abinci ɗanɗanon ƙarfe.

Romo, inda gizo ke saƙar

Tun dankalin na shan iska ki ɗora romon a ƙaramar tukunya. Da ya tafaso ki zuba albasar, ki bar ta minti 2 zuwa 3, ta yi laushi amma ba ta narke ba. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba. Ɗanyar albasa in ta zauna a salak na 'yan awanni kaifinta ƙaruwa yake, ta fara wani irin wari, ta kuma sa salak ɗin saurin juyawa. Wadda aka gigita a romo zaƙi take bayarwa.

Ki sauke, ki zuba khal cokali 4, mastad, gishiri, sukari da masoro, ki kaɗa har mastad ɗin ya baje. Yanzu ki ɗanɗana. Dole ki ji gishiri ya yi yawa, tsami ya yi yawa, har ki ɗan yamutsa fuska. In kin ji shi daidai yadda za ki iya sha da cokali, to bai isa ba. Kilo guda na dankali zai raba wannan gishirin da tsamin a tsakaninsa, kuma dankali ba ya ƙoshi da gishiri da wuri. Nan ne yawancin masu koyo ke tsorata su rage hannu, a ƙarshe su samu abin da ba ya ce komai a baki.

Da zafinsa za ki zuba a kan dankalin, amma ba duka lokaci ɗaya ba. Ki fara da kashi biyu cikin uku, tare da duk albasar. Ki juya sau biyu ko uku kawai, da faffaɗan cokali, daga ƙasa zuwa sama, ko ki riƙe kwanon ki girgiza shi. Za ki ga kamar kin yi ɓarna, dankali na iyo a ruwa. Haka ake so. Ki rufe da faranti ki bar shi minti 15.

In kin buɗe, yawancin romon ya ɓace. Ki sake ɗumama ragowar, ki ƙara kaɗan-kaɗan, ki juya, ki rufe. Dankali ba ɗaya ba ne, wani zai shanye mililita 300 ya nemi ƙari, wani a 250 ya ƙoshi. Alamar ya ƙoshi ita ce in kin karkata kwanon kin ga ɗan ruwa mai kauri ya taru a gefe, bai koma ciki ba. Jimillar jiƙon ya kai minti 30, awa guda ta fi. A kan tebur, ba a firij ba.

Kin lura har yanzu ba a zuba mai ba. Da gangan ne. Mai yana lulluɓe fuskar kowane yanka, ya hana ruwa ratsawa. In ya riga romo shiga, romon zai yi ta zamewa a kai ya taru a ƙasan kwano. Shi ya sa ba a haɗa komai a kofi ɗaya a kaɗa kamar yadda ake yi wa salak ɗin ganye. Romo da khal su fara shiga, mai ya zo ya rufe ƙofa.

Mai, da ɗanɗanon ƙarshe

Bayan jiƙo ki zuba man a zagaye, ki juya a hankali amma sosai a wannan karon. A idonki abin zai sauya. Sitacin da ya fito daga karyayyun yanka zai haɗu da romo da mai ya zama wata miya mai sheƙi, kaurinta kamar na kunun gyaɗa marar kauri sosai, tana naɗe da kowane yanka. Mutanen Swabiya kan ce salak mai kyau magana yake yi in ana juya shi, suna nufin wannan ƙarar caɓal-caɓal da cokali ke fitarwa. In kin juya kin ji shiru, ya bushe, ki ƙara romo mai ɗumi cokali 2 ko 3.

In kuma miyar ta tsaya tsararo ba kauri, wanda kan faru da dankali mai tauri ƙwarai, ki ɗebi yanka 5 ko 6 ki murƙushe da cokali mai yatsu a cikin ɗan ruwan, ki mayar ki juya.

Ki sake ɗanɗanawa. Kusan kullum zai nemi ƙarin gishiri, sau da yawa kuma cokalin khal na biyar ɗin nan da aka ajiye. In tsami ne ya zarce, ɗan sukari da ƙarin cokalin mai za su kwantar da shi, in ya zarce da yawa sai a dafa dankali 2 a yanka a ciki. Ki bar shi wasu minti 15, sannan ki yanka lawashi siri-siri ki barbaɗa daf da kaiwa tebur. Jamusawa wani siririn ganyen albasa suke sawa, lawashi ɗanye shar ya tsaya a madadinsa. In an sa shi da wuri khal zai dusashe korensa.

In duk dankalin ya dagargaje saboda irin bai dace ba ko dahuwa ta wuce, a ci abinsa, daɗin na nan. Gaba a rage minti 3 a wuta.

Sauran gidajen

A Bavariya sukan ƙara kokwamba. A yanka ta siri ƙwarai, a barbaɗa gishiri, a bar ta minti 10, a matse ruwan da hannu, a zuba tare da mai. In ba a matse ba za ta tsinka miyar. A lokacin zafi wannan ya fi kowanne shiga rai. A Ostiriya sukan ƙara sukari kaɗan da jar albasa, a yankin Steiermark kuma su ɗiga man 'ya'yan kabewa, mai duhun kore.

Na arewa mai mayonis, ki bi matakan nan har zuwa jiƙo, amma da romo mililita 100 kacal, kuma yankan ya ɗan fi kauri. Ki bar dankalin ya huce sarai, domin mayonis in ya ji zafi tsinkewa yake ya koma mai. Sannan ki haɗa mayonis babban cokali 6 da mastad, da kokwambar da aka jiƙa a khal guda 3 ko 4 an yanka ƙanana, da cokali 2 na ruwan kwalbarta, da dafaffen ƙwai 3. Wasu gidajen har da tufa mai ɗan tsami. In ba kokwambar kwalba, ki yanka ɗanya ki jiƙa ta kwana ɗaya a firij cikin khal da ruwa daidai-wa-daida, da gishiri da sukari. Wannan salak ɗin firij yake so, awa 2 ko fiye. Ki yi amfani da mayonis na kwalba, na gida mai ɗanyen ƙwai kasada ce a ƙasa mai zafi.

Wanda za ki fi cin karo da shi a intanet da sunan salak ɗin Jamus kuwa, yawanci na Amurka ne, na zuriyar Jamusawan da suka yi ƙaura can. Da zafi ake cinsa, sukarinsa da yawa, kuma da soyayyen naman alade da kitsensa ake yi. A Jamus ma wasu na sa shi, don haka in kin je gidan abinci ko gidan maƙwabta ki tambaya, har da irin romon da aka yi amfani da shi. Mai son wannan ɗanɗanon na soyayyen nama ta yanka naman sa ƙanana siri-siri, ta soya a man girkin har ya yi ƙaras-ƙaras, ta juye naman da man a matakin ƙarshe a madadin ɗanyen mai.

Da me ake ci, kuma yaya ake ajiyewa

A gidaje da dama na Jamus, abincin daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, salak ɗin dankali ne da tsiran nama, domin ana iya haɗa shi tun da rana a huta da kicin. Tsiran nasu yawanci na alade ne, na kaza ko na sa ya maye gurbinsa. A Viyana, babban birnin Ostiriya, ana kawo shi gefen shinitsel, wato faffaɗan naman maraƙi da aka buga ya yi siri aka tsoma a ƙwai da garin burodi aka soya. Ƙirjin kaza ya yi a haka. A Swabiya ana cinsa da Maultaschen, ƙullin fulawa mai cushen nama da alayyafo. Duk wani soyayye ko gasasshe mai maiƙo yana tafiya da shi, domin tsamin ke wanke baki. Soyayyen kifi da gasasshiyar kaza suna kan gaba.

Batun ajiya sai an yi hattara, domin dafaffen dankali da romon nama wuri ne da ƙwayoyin cuta ke so, kuma khal ɗin da ke ciki bai kai ya tsare shi ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ke nan a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ki taƙaita jiƙon zuwa minti 30, ki haɗa daf da lokacin ci, ragowar ta wuce firij nan take. Lokacin hunturu akwai ɗan sarari. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki yi daidai cikin mutanen gidan, rabin awon nan in ku uku ne.

A firij, cikin roba mai murfi, ya yi kwana 1 zuwa 2. Zai fito ya ƙanƙame, miyar ta ɓace. Ki fitar da wanda za a ci minti 20 kafin lokaci, ki zuba masa romo mai zafi cokali 3 ko 4, ki juya, ki gyara gishiri da khal. Kada a sa shi a firiza, in ya narke ruwa zai fita daga jikin dankalin ya koma ɓurɓushi. In ragowar ta bushe har romo ya kasa dawo da ita, ki zuba ta a kasko da ɗan mai, ki bar ƙasan ya yi ja kafin ki juya, ki fasa ƙwai 2 a kai a yi karin kumallo.